Daga Jirgin Annabi Nuhu Zuwa Rijiyar Kusugu: Wa Ya Ga Kan Macijin?

Da hantsi, a teburin wani mai shayi kusa da tashar mota a Daura, waya guda ce ke yawo hannu-hannu kamar ƙwaryar fura. Hoton wani ƙwarangwal ne kwance cikin rami, ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa kai girman mutumin da ke gefensa yana tono. A ƙasa an rubuta cewa wannan ɗaya ne daga cikin Adawa, mutanen Annabi Hudu, a hamadar Saudiyya aka tono shi, kuma hukuma ta hana kowa zuwa wurin. Sai roƙon da aka saba: don Allah a tura wa 'yan uwa.

Wani dattijo ya yi kabbara, ya miƙa wa na kusa da shi. Wani ɗan acaɓa ya ce ai shi har na karusan Fir'auna a ƙarƙashin Bahar Maliya an turo masa. Kafin shayi ya huce hira ta gangara kan bidiyon ɗan maraƙi mai kai biyu, daga nan ta faɗa kan macijiyar da aka ce ta haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurɗi a 2018, da goggon birin gidan zoo na Kano da aka ɗora wa lamushe kusan miliyan 7 shekara guda bayan haka, har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan.

An sha dariyar macijiya da biri. Ƙwarangwal kuwa ba wanda ya yi masa ko murmushi, alhali duk ta ƙofa ɗaya suka shigo.

Ƙaton da aka haifa a kwamfuta

Hoton ya girmi yawancin yaran da ke tura shi. A 2002 wani shafin intanet mai suna Worth1000 ya shirya gasar haɗa hotunan bogi masu kama da tonon kayan tarihi. Wani mai zane ɗan Kanada ya ɗauko hoton wani rami a jihar New York ta Amurka, inda aka haƙo ƙasusuwan wata tsohuwar dabba dangin giwa, ya ɗora ƙwarangwal ɗin mutum a kai ya kumbura shi. Na uku ma ya zo a gasar.

Zuwa 2004 hoton ya ɓalle da sabon labari a wuyansa. A ƙasashen Musulmi ya zama Ba'ade, a Indiya ya zama wani ƙato daga labaran addinin Hindu, har wasu jaridu suka buga. Sai a 2007 kafar National Geographic ta bi sawu ta gano mai zanen. Wanda ya ƙura ido zai ga mai tonon ƙotar shebur kawai yake riƙe da ita, babu bakin.

Karusan Fir'auna su ma haka. Labarin da ya fi yawo ya fito ne a 2014 daga wani shafin barkwanci, World News Daily Report, wanda da bakinsa ya rubuta cewa labaransa ƙirƙira ce. Gawar nan kuma da ake nunawa a duƙunƙune kamar mai sujada, ana cewa ta Fir'aunan Annabi Musa ce, tana gidan tarihin Birtaniya a Landan. Wani mutum ne da yashi mai zafi ya busar a kudancin Masar kimanin shekara 5,400 da suka wuce, tun ba a naɗa Fir'auna na farko ba. Gawarwakin Fir'aunoni na ainihi suna Alƙahira: ta Ramsis na Biyu da aka gano a 1881, da ta ɗansa Marnafta a 1898, kuma har gobe masana na ja-in-ja kan wanene aka yi da Annabi Musa.

Jirgin Annabi Nuhu kuwa kusan duk bayan 'yan shekaru sai an sake gano shi. A 1959 wani hafsan sojan Turkiyya ya hango wani tudu mai siffar jirgi a hoton da aka ɗauka daga sama, kusa da dutsen Ararat. Masana duwatsu suka duba suka ce laka ce da dutse, halittar Allah. A 2010 wata ƙungiyar Kiristoci daga Hong Kong ta ce ta samo katakon jirgin a kan Ararat, ta ce tabbacinta ya kai kashi 99.9 cikin ɗari. Mai turawa a Daura bai cika lura da cewa Attaura ce ta ambaci duwatsun Ararat ba. Alƙur'ani Judiyyu ya ambata, kuma dutsen da ake kira da wannan suna yana can kudu, tazarar kimanin kilomita 300.

Na gaskiyar sun fi ban dariya

Abin takaicin shi ne akwai tono na gaskiya a ƙasashen Annabawa, kuma labaransa sun fi na bogin daɗi nesa ba kusa ba.

Wajen 1947 wani yaro makiyayi Balarabe yana neman akuyarsa a gefen Tekun Gishiri, wanda Larabawa ke kira Bahar Luɗu. Ya jefa dutse cikin wani kogo, ya ji ƙarar fashewar tulu. A cikin tulunan akwai fatu a naɗe. Aka kai wa wani baduku mai gyaran takalma a Baitalami, wanda ke taɓa cinikin tsofaffin kaya a gefe. Huɗu daga cikin fatun suka bi hannu har Amurka, inda a 1954 aka sa tallarsu a cikin ƙananan tallace-tallacen jaridar Wall Street Journal, kamar mai neman sayar da tsohuwar mota. Dala 250,000 aka saye su.

Daga kogo 11 aka tattaro guntayen rubuce-rubuce kusan 900. A cikinsu akwai littafin Ishaya cikakke, mai tsawon mita 7, wanda ya girmi kwafen Ibrananci da aka sani a da da shekara kusan dubu.

A 1872 kuma, a gidan tarihin Birtaniya, wani ma'aikaci mai suna George Smith yana karanta wani allon yumɓu da aka kwaso daga Nineba, garin Annabi Yunusa, kusa da Mosul ta yau. Sai ya ci karo da labarin ruwan tsufana, da jirgi, da tsuntsayen da aka saka su dubo ko ƙasa ta tsane. An ce don murna sai ya miƙe yana zagaya ɗakin, ya fara tuɓe kayansa a gaban abokan aiki.

Dutsen da ke ɗauke da sunan Bilatus, gwamnan Rumawan da Linjila ta ambata, a 1961 aka same shi a Kaisariya, an mayar da shi matakala a wani gidan wasa, shekaru aru-aru ana taka shi. Wanda ya ambaci gidan sarautar Annabi Dawuda, rubutun da ya kai shekara 2,800, a jikin wata tsohuwar katanga aka hango shi a Tel Dan a 1993. Tafkin Siluwam na Ƙudus kuwa masu gyaran bututun ruwan ƙazanta ne suka faɗa kansa a 2004.

Ƙasa ba ta fadanci

Sai dai wanda ya ɗauki shebur don ya tabbatar da abin da ya riga ya yarda da shi, yakan sha mamaki. A shekarun 1930 wani Bature ya ce ya gano ganuwar Yariko da Baibul ya ce ta rushe a gaban Yusha'u. Aka yi ta murna a majami'u. A shekarun 1950 wata masaniyar tonon kufai, Kathleen Kenyon, ta je ta sake tonawa a tsanake, ta nuna cewa garin ya ƙone tun ƙarnoni kafin lokacin da ake zato. Muhawarar ba ta mutu ba har yau.

Inda kuma ake ɗoki, nan 'yan damfara ke kafa rumfa. A 2020 gidan tarihin Baibul da ke Washinton ya amsa cewa duka guntayen fata 16 da ya mallaka a matsayin na Tekun Gishiri jabu ne: tsohuwar fata aka samu aka rubuta a kai da sabuwar tawada. Masu kuɗi da masana ke nan aka yi wa sakiyar da ba ruwa, balle mai shayi da wayarsa.

Kan'ana a bakin Kusugu

Bai kamata mutumin Daura ya ɗauki wannan a matsayin rigimar wasu can nesa ba, domin labarin asalin garin da kansa daga can ya taso. Girgam, kundin tarihin masarautar, ya fara ne da wani Najibu da ya baro ƙasar Kan'ana, da ɗansa Abduldari da ya zauna wajen Tarabulus, da zuriyarsa da ta keto Sahara ta kafa Tsohon Birni, inda mata suka yi ta sarauta kafin Magajiya Daurama ta dawo da gari inda yake yanzu. Bayajidda kuma daga Bagadaza aka ce ya fito, ya bi ta Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa.

Wani masanin tarihi Bajamushe, Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth, ya daɗe yana cewa a duba labarin da kyau. Daurama ta ba mijinta Bayajidda baiwa, Bagwariya, ta haifi Karɓagari, daga baya ita ma ta haifi Bawo. Saratu ta ba Annabi Ibrahim Hajara ta haifi Isma'ila, daga baya ita ma ta haifi Isiyaku. A ganinsa wannan ba dace ba ne, gado ne da wasu baƙi suka taho da shi daga Gabas tun kafin Musulunci, kuma yana ganin sawunsa a bikin Sallar Gani da ake yi a Daura duk watan Maulidi.

Yawancin masana ba su bi shi ba. Tun a 1966 wani marubuci, W. K. R. Hallam, ya kawo wata fassarar dabam, cewa sunan Bayajidda daga Abu Yazidu ne, ɗan tawayen Arewacin Afirka da aka kashe a 947. Malaman tarihi na Zariya kuwa, irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, gaba ɗaya suka ƙi yarda a riƙa nemo wa kowace daular baƙar fata uba daga waje. Sun tuna cewa Turawan mulkin mallaka sun so irin wannan labari ƙwarai, don ya yi daidai da tunaninsu cewa baƙin mutum bai iya kafa mulki da kansa ba.

Akwai kuma bayani mai sauƙi. Ba Daura kaɗai ke jingina da Gabas ba: Barebari na da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, Gobirawa na da Ƙibɗawan Masar, Yarabawa na da Lamurudu. Al'ummar da ta karɓi Musulunci, malamanta suka karanta ƙissoshin Annabawa, ba abin mamaki ba ne ta zuba tsohon labarinta a cikin sabon mazubi. A nawa ganin, kamar da ke tsakanin Bagwariya da Hajara ta fi nuna abin da masu ba da labarin suka karanta fiye da inda kakanninsu suka fito. Amma wannan ma ra'ayi ne, kuma ra'ayi ba ya maye gurbin tono.

Abin da Takusheyi ta bayar

An taɓa tonawa, kuma ba da nisa ba. A ƙasar Mani, tsakanin Katsina da Daura, akwai wasu tuddai da ake kira Durɓi Takusheyi, kusheyin Durɓawa, sarakunan farko na Katsina, waɗanda labari ya ce daga Kumayau ɗan Bawo suka fito. A 1907 jami'in Turawa H. R. Palmer ya buɗe wasu da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 aka buɗe wasu uku, kuma shi Lange ɗin ne ya jagoranci aikin.

Kowane tudu mutum ɗaya ne a tsakiyarsa, da kayan alfarma: 'yan kunnen zinariya, mundaye, awarwaron hauren giwa, duwatsun ado, wuri, guntayen tufa, da wata tasa ta ƙarfe da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. A 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara aka auna shekarunsu, daga baya aka dawo da su Najeriya.

To, ga Gabas ta fito daga ƙasar Hausa, a hannu, ana iya taɓawa. Sai dai shekarun da gwaji ya bayar tsakanin ƙarni na 13 ne da na 16, zamanin Mali da Songhai da ayarin raƙuma, ba zamanin Kan'aniyawa ba. Tasar ba ta ce ga inda kakan mamacin ya fito ba. Abin da ta ce shi ne, shekara 500 da suka wuce mai mulki a wannan yanki yana da arzikin da zai sa a ɗauko masa kaya daga bakin Bahar Rum, a kuma binne shi da su bisa al'adar gargajiya. Wannan ba ƙaramin labari ba ne, amma a cikin masu tura ƙwarangwal ɗin Adawa, nawa ne suka taɓa jin sunan Takusheyi, balle su tsaya a can a hanyarsu ta zuwa Katsina?

Kwalekwale a ƙasan rijiya

Mai neman tsohon jirgi ma ba sai ya je Turkiyya ba. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da katako a zurfin kimanin mita 5. Bai fasa shi ya yi itacen girki ba, ya kai magana gaba. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka zo, gwaji ya nuna kwalekwale ne mai tsawon mita 8 da 'yan kai, mai shekara kusan 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Yana Damaturu.

Kan mutum-mutumin yumɓun da ya buɗe wa duniya ido kan al'adar Nok kuwa, wani ma'aikacin haƙar kuza ne ya tsince shi a farkon shekarun 1940, ya kafa shi a gonar doyarsa yana korar ɓarna da shi, har shekara ta zagayo kafin ya isa hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos. Makiyayi, baduku, mai haƙar rijiya, mai gyaran kwata: su ne ke fara gani, daga Ƙudus har Yobe.

Malamai, 'yan boko da masu tonon dare

Me ya sa na bogin ya fi gudu? Na farko, mai turawa yana jin lada yake nema, wanda aka tura wa kuma yana jin nauyin musantawa kada a ce ya ƙaryata Annabawa. Na biyu, akwai masu shafukan da yawan kallo ne abincinsu. Yanzu kuma ga manhajojin da ke ƙera bidiyo daga babu, har da murya.

Malamai da dama ba sa jin daɗin abin. Hujjarsu ita ce imani da ƙissar Annabi Nuhu bai taɓa jiran katako ba, wanda kuwa ya rataya imaninsa a hoton bogi, ranar da asirin hoton ya tonu me zai ce wa ɗansa? Suna tunatarwa cewa malaman tafsiri tun da can sun ware babin Isra'iliyyat, labaran da aka ji daga Ma'abota Littafi, suka ce wani a karɓa, wani a ƙi, wani a yi shiru a kansa. Al'ummar da ta gina ilimin isnadi, mai tambayar wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, bai dace a same ta tana cewa "an turo mini" ba. Kiristoci Hausawa, waɗanda ke da cikakken Littafi Mai Tsarki da harshensu tun 1932, su ma hotunan nan ne ke zagaya wayoyinsu, rubutun ƙasa kawai ake sauyawa.

Wasu kuma na cewa a bar mutane, ai wa'azi ne, ko ba gaskiya ba ne yana sa tsoron Allah. Masu binciken kufai na jami'o'i irin ta Ahmadu Bello suna da wata damuwar dabam. Mutumin da ya saba jin cewa tono yana fito da ƙattai da tukwanen zinariya, in ya ga katanga da fasassun tukwane a gonarsa zai watsar, in kuma ya ga mutum-mutumi zai nemi dillali. Tun a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da aka fi sacewa, saboda masu tonon dare sun rarake wurare da yawa kafin masana su isa. Abin da aka ciro ba tare da an rubuta zurfinsa da abin da ke kewaye da shi ba, ya zama kayan ado kawai, bakinsa ya rufe.

Ga shi kuwa ba a taɓa motsa ƙasar Daura kamar yanzu ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, ta nan ya bi. Ga sababbin makarantu, ga unguwanni na cin gonaki, ga masu ɗibar ƙasar bulo daga Sandamu har Mai'aduwa, Zango da Baure. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta wajabta wa wanda ya tsinci irin waɗannan kaya ya sanar, kuma akwai gidan tarihi a Katsina. Amma mai haƙar masai a ƙauye, dagaci ya sani, shi zai fara gaya wa, in ya gaya wa wani.

Safiyar da aka kashe Sarki

Rijiyar Kusugu tana nan a tsakiyar garin Daura, an yi mata ɗaki, baƙi na zuwa su zura guga su sha, wasu su cika gora su tafi da shi gida. Fada kuma ta ce tana ajiye da wuƙar Bayajidda. Mai yi wa baƙi bayani zai faɗi yadda macijin, mai suna Sarki, ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da yadda baƙo, wato Bayajidda, ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare ya nemi ruwa ta ce babu, ya karɓi guga ya nufi rijiya.

Akwai wani yanki na labarin da ake saurin wucewa. Da gari ya waye aka ga gangar jikin maciji a bakin rijiya, Magajiya ta sa aka yi shela cewa wanda ya yi wannan aiki za a ba shi rabin gari. Nan da nan jarumai suka yi yawa, kowa na cewa shi ne. Daurama ba ta yi musu da kowa ba. Ta ce a kawo kan.

Aka yi cirko-cirko. Sai Ayana ta matso ta ce, ranki ya daɗe, jiya da dare na yi baƙo, da wata dabba kamar doki, kuma ya ba ni ruwa na sha. Aka aika a kira shi. Ya zo da ƙafar takalmi ɗaya, 'yar uwar wadda aka tsinta a bakin rijiya, ya kwance jakarsa a gaban fada.